Bob Taylor na Derbyshire da Daɗewa a Sana'ar Tsaron Turaku

A cikin ayyuka goma sha ɗaya da ake rabawa 'yan wasan kurket idan ƙungiyarsu tana tsaron fili, aikin mai tsaron turaku ne ya fi kama da sana'ar hannu, domin shi kaɗai ne yake da kayan aiki na musamman, shi kaɗai ne kowace jifa take nufo shi tun daga safiya har yamma, kuma gurbinsa ɗaya ne tak a kowace ƙungiya. A gundumomin Ingila, inda wasan ya kafu ya zama hanyar cin abinci tun ƙarni na goma sha tara, masu wannan sana'a sun yi suna da daɗewa a bakin aiki, har ta kai mutum ɗaya yakan riƙe gurbin shekara ashirin ko fiye. Wanda ya fi kowa bayyana wannan al'ada shi ne Robert William Taylor, wanda aka fi sani da Bob Taylor, wanda ya yi wa ƙungiyar gundumar Derbyshire wasa daga 1961 zuwa 1984. Tarihinsa ya nuna yadda tsarin gunduma yake raya gwani ya kuma ba shi tsawon zamani, ya nuna kuma yadda masu zaɓen tawagar ƙasa suka daɗe suna auna mai tsaro da ma'aunin da ba na sana'arsa ba.

Kurket wasa ne na ƙungiyoyi biyu, kowace da mutum goma sha ɗaya, inda ɗaya take bugu ɗaya kuma take jifa da tsaron fili, sannan su yi musanya. A tsakiyar fili akwai zirin ƙasa da aka daddaɓe mai tsawon yadi 22, wato kimanin mita 20, kuma a kowane ƙarshensa an kafa turaku uku na katako waɗanda aka ɗora wa 'yan guntayen itace biyu a bisa. Mai jifa yana wurga ƙwallo daga ƙarshe ɗaya, yawanci ta daki ƙasa kafin ta isa, mai bugu kuma yana tsaye gaban turakun ɗaya ƙarshen da faffaɗar sanda yana kare su, yana kuma neman maki ta hanyar buga ƙwallon nesa. Jifa shida a jere su ne jeri ɗaya, bayan haka sai wani mai jifa ya karɓa daga ɗaya ƙarshen. Lokacin da ƙungiya take bugu har a fitar da mutum goma daga cikinta shi ake kira zubi, kuma a wasan ajin farko, wato wanda ake yi kwana uku ko fiye tsakanin manyan ƙungiyoyi, kowane ɓangare yana da zubi biyu. Wasan da ake yi tsakanin ƙasa da ƙasa a wannan tsari, wanda a yau yake ɗaukar kwana biyar, shi ne ake kira Tes.

Mai tsaron turaku yana tsugune a bayan turakun mai bugu, sanye da safar hannu mai kauri ta fata da kariyar ƙwauri, kuma yana fitar da mai bugu ta hanyoyi biyu da ake rubutawa da sunansa. Ta farko ita ce cafka, idan ƙwallo ta gogi gefen sanda ya kama ta kafin ta taɓa ƙasa. Ta biyu ita ce kaɗe turaku, idan mai bugu ya fito gaban layinsa ya kuskure ƙwallon, mai tsaro ya kama ta ya zubar da guntayen itacen kafin wancan ya dawo da ƙafarsa. Idan mai jifa mai ƙarfi ne, wanda ƙwallonsa kan yi gudun kilomita 130 zuwa 145 a awa, mai tsaro yakan ja baya taku da yawa domin ta same shi daidai ƙugu. Idan kuwa mai murza ƙwallo ne, wanda yake jifa a hankali yana sa ta karkace bayan ta daki ƙasa, sai mai tsaro ya matso har numfashinsa ya kusa taɓa turakun, kuma a nan ne ake bambance gwani da ɗan koyo, domin jikin mai bugu da sandarsa suna kare masa gani har zuwa ƙiftawar ƙarshe.

Abin da masana suke dubawa a hannun mai tsaro ƙanana ne, mai kallo daga nesa ba zai gan su ba. Ba ya miƙewa daga tsugune sai ƙwallo ta daki ƙasa, sannan ya tashi tare da ita, domin wanda ya riga ta tashi ba zai iya komawa ƙasa ba idan ta zo a kwance. Yatsunsa suna kallon ƙasa ko gefe, ba sa taɓa nuna ƙwallon kai tsaye, saboda ƙwallo ce ta ɓawon itace da aka naɗe da zare aka rufe da fata mai tauri, nauyinta kusan giram 160, kuma idan ta sami kan yatsa sai ta karya shi. Idan ta shiga tafin hannu, yakan janye hannayen baya kaɗan domin ƙarfinta ya mutu a hankali, shi ya sa ake cewa a hannun gwani ƙwallo ba ta ƙara. Ƙafafu su ne suke kai shi inda ƙwallo za ta bi, kuma mai tsaron da ƙafarsa take da sauri ba ya yawan buƙatar yin tsalle ya faɗi ƙasa. A Ingila akwai ƙarin wahala guda, wato ƙwallo takan yi lilo a iska bayan ta wuce mai bugu, musamman a ranar da hadari ya rufe sama, ta sauya hanya a taku na ƙarshe. Duk wannan mai tsaro yana yin sa sau ɗari shida ko fiye a yinin da aka yi jeri ɗari, kuma kuskure ɗaya a jifa ta ɗari biyar da tamanin shi ne abin da jarida za ta buga da safe. Aikin nasa kamar gishiri ne a miya, ba a tuna da shi sai ranar da ya gaza.

Sana'ar ba haka ta faro ba. Har bayan tsakiyar ƙarni na goma sha tara ƙungiyoyi suna ajiye wani ɗan wasa can bayan mai tsaro domin ya tare ƙwallayen da suka wuce shi, kuma ana yawan danganta watsi da wannan gurbi ga Jack Blackham na Ostareliya, wanda ya fara zuwa Ingila a 1878 ya nuna cewa mutum ɗaya zai iya tsayawa dab da turaku ba tare da mai rufa masa baya ba. Da aka kafa Gasar Gundumomi a hukumance a 1890, sai kowace gunduma ta buƙaci mai tsaro na dindindin, kuma tun daga zuriyar farko aka ga alamar daɗewa. David Hunter ya tsare wa Yorkshire daga 1888 zuwa 1909. Fred Huish na Kent ya yi daga 1895 zuwa 1914 ya fitar da mutum sama da 1,300 ba tare da ya taɓa buga Tes ko ɗaya ba. Herbert Strudwick na Surrey, wanda ya fara a 1902 ya ajiye a 1927, ya tara kusan 1,500, sannan ya ci gaba da yi wa ƙungiyar aikin rubuta maki na tsawon shekaru masu yawa bayan hannayensa sun gaji.

Dalilan wannan daɗewa suna cikin tsarin aikin kansa. Har zuwa ƙarshen 1962 'yan kurket na Ingila kashi biyu ne, masu yi don sha'awa, waɗanda galibinsu 'ya'yan masu hali ne kuma su ake ba kyaftin, da masu yi don albashi, waɗanda suka fito daga gidajen ma'aikata, kuma aikin tsaro, da yake mai wahala ne mai lalata yatsu, kusan kullum yana hannun kashi na biyu. Ɗan albashi yana da kwantiragin rani ne kawai, daga Afrilu zuwa Satumba, da hunturu kuma sai ya nemi wani abin yi, don haka babban abin da yake hange shi ne wasan tallafi, wato damar da gunduma take ba wanda ya yi mata hidima kimanin shekara goma ya tara kuɗi daga magoya baya. A 1927 Majalisar Dattawan Birtaniya, wadda a lokacin ita ce kotun ƙoli, ta yanke hukunci a shari'ar James Seymour na Kent cewa irin wannan kuɗi kyauta ce da ba a cire mata haraji, lamarin da ya ƙara wa zama wuri ɗaya daraja. Ga shi kuma dokokin cancanta sun sa sauya gunduma yana da wuya. Sannan gurbin ɗaya ne, wanda ya same shi ba ya son ya huta ko da yatsa ya tsage, don ya san akwai matashi a ƙungiya ta biyu da yake jiran rana ɗaya kawai. Jimmy Binks na Yorkshire ya buga wasannin gasa 412 a jere tsakanin 1955 da 1969 ba tare da fashi ba, kuma wannan adadi ya isa shaida a kan halin mutanen.

Derbyshire, wadda aka kafa a 1870, ba ta cikin gundumomi masu arziki, kuma sau ɗaya tak ta ci Gasar Gundumomi, a 1936. Amma a fannin tsaron turaku tana da silsila da ba kowa yake da irinta ba. Harry Elliott ya fara mata wasa a 1920, yana cikin waɗanda suka ci gasar 1936, ya kuma sake fitowa a 1947 yana da shekara 55, domin an haife shi a 1891 ne amma ya rage wa kansa shekara huɗu lokacin da yake neman aikin, gaskiyar ba ta fito ba sai bayan ya daɗe da ajiyewa. George Dawkes, wanda a duk rayuwarsa ta wasa ya fitar da mutum sama da dubu, ya karɓa daga 1947 zuwa 1961. Daga hannunsa gurbin ya koma wurin Taylor. Ke nan daga 1920 zuwa 1984, shekara 64, mutum uku ne suka riƙe wannan aiki a gunduma ɗaya, in ban da 'yan wasannin da wani ya tsaya musu.

An haifi Taylor ranar 17 ga Yuli 1941 a Stoke-on-Trent, garin masu ginin tukwane da tangaran a gundumar Staffordshire, wadda ba ta cikin gundumomin ajin farko. Ya taso a kulob ɗin Bignall End, ya yi wa Staffordshire wasa tun yana matashi, kuma a 1960 ya buga wasansa na farko na ajin farko cikin haɗakar ƙananan gundumomi da ta kara da tawagar Afirka ta Kudu. A shekara mai zuwa Dawkes ya ji rauni, Taylor ya shiga, bai kuma sake fita ba. Makarantar da ya samu mai tsanani ce, domin Derbyshire ta shahara da masu jifan ƙarfi, da yawansu 'ya'yan masu haƙar kwal, waɗanda suke sa ƙwallo ta sauka a kan ɗinkinta ta karkace ba zato. Ya riski Les Jackson a shekarunsa na ƙarshe, ya yi aiki da Harold Rhodes, sannan Alan Ward da Mike Hendrick, kuma a filayen Derby da Chesterfield da Ilkeston, inda ciyawa take da ɗanye, mai tsaro ba ya rasa cafka. A wancan zamani ba a rufe zirin tsakiya idan ruwa ya sauko ana cikin wasa, sai a bar shi ya jiƙe ya bushe, ya zama ƙasa mai danƙo wadda ƙwallo take tashi a kanta yadda ta ga dama. Yanayin da kansa abin lura ne, domin a garin Buxton, ranar 2 ga Yuni 1975, dusar ƙanƙara ce ta hana wasa tsakanin Derbyshire da Lancashire, kuma da aka dawo washegari a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa aka fitar da Derbyshire da maki 42 a zubin farko da 87 a na biyu.

Yawan wasan ma ya horar da shi. A shekarun 1960 kowace gunduma tana buga wasan gasa aƙalla 28 na kwana uku-uku kafin a rage su a 1969, wato mako bayan mako ana tashi daga wannan gari a kwana a wancan, sannan aka ƙaro gasannin yini ɗaya, na farko a 1963, na ranar Lahadi a 1969, na uku a 1972. Mai tsaron da ya jure wannan shekara goma ya san halin kowane fili da kowane mai bugu a ƙasar. Abokan wasansa sun yi wa Taylor laƙabi saboda son hira da mutane, amma a fili mutum ne mai natsuwa, wanda bai cika yin tsalle ba saboda ƙafarsa ta riga ta kai shi, kuma ya fi jin daɗin tsayawa dab da turaku ko ga mai jifa mai matsakaicin gudu. Ya karɓi kyaftin na Derbyshire a 1975 ya kuma sauka a 1976, domin ya ga tunanin shugabanci yana rage masa kula da ƙwallo, kuma wannan shawara ta nuna abin da ya ɗauka a matsayin ainihin aikinsa.

Abin da ya tsare masa hanyar tawagar ƙasa mutum ɗaya ne, Alan Knott na Kent, wanda Taylor ya girme shi da kusan shekara biyar. Kent tana da nata gadon, daga Huish zuwa Les Ames, wanda ya ci maki ɗari a zubi ɗaya har sau 102, zuwa Godfrey Evans mai Tes 91, kuma Knott ya gaji duka biyun, ga tsaro ga bugu. A Tes 95 ya fitar da mutum 269, ya tara maki 4,389 da matsakaicin kusan 33 a kowace fitarwa, ya ci ɗari sau biyar, yawanci a lokacin da Ingila take cikin matsi. Taylor kuwa matsakaicinsa a duk rayuwarsa bai kai 17 ba. An tafi da shi Ostareliya da Niyu Zilan a 1970 zuwa 1971 a matsayin na biyu, aka ba shi Tes ɗaya a Christchurch a Fabrairun 1971 a matsayin sakayyar haƙurinsa, sai Knott ya dawo a wasa na gaba a Auckland ya ci 101 da 96, daga nan kuma ya buga Tes 65 a jere. Taylor ya sake raka tawaga zuwa tsibiran Karibiyan a 1974 da Ostareliya a 1974 zuwa 1975, yana atisaye kowace safiya, yana kai wa 'yan wasa ruwa, yana buga wasannin da ba na Tes ba, kusan shekara bakwai ba tare da ya sake sa hular ƙasa a babban fili ba.

Ba za a ce an zalunce shi a kan Knott ba, domin Knott gwani ne na gaske a bayan turaku, kuma mutanen biyu sun girmama juna. Amma muhawarar ta girmi su biyun, kuma a nan ne masu zaɓe suka fi yin kuskure. A shekarun 1950 da 1960 Keith Andrew na Northamptonshire, wanda takwarorinsa suke ganin babu kamarsa a tsafta, Tes biyu kawai ya samu, Binks ma biyu, John Murray na Middlesex 21, yayin da Jim Parks na Sussex, wanda asalinsa mai bugu ne da ya koyi tsaro daga baya, ya fi su duka. Dalilin a fili yake: makin da mai tsaro ya ci ana rubuta shi a takarda kowa ya gani, amma cafkar da ya yi wadda wani ba zai kai gare ta ba, ko ƙarfin zuciyar da ya ba mai murza ƙwallo har ya yi ƙarfin halin jefa ta sama, ba su da gurbi a littafin maki. Mai tsaron da ya saki babban mai bugu yana da maki 10, wancan ya je ya ci 150, ya jawo asarar da ta fi abin da zai ci da sandarsa a wasa uku, amma ba a rubuta asarar da sunansa. Wannan rashin ma'auni shi ne ya sa gwanaye da yawa suka ƙare rayuwarsu a gunduma, kuma ta wata fuskar shi ne ya tsawaita hidimarsu a can.

Ƙofa ta buɗe wa Taylor ta hanyar da babu wanda ya zata. A 1977, shekarar da littafin shekara-shekara na Wisden ya sa shi cikin gwanayensa biyar, attajirin talabijin na Ostareliya Kerry Packer ya ɗebi manyan 'yan wasan duniya zuwa gasarsa ta kansa da albashin da hukumomi ba sa iya biya, Knott yana cikinsu, hukumar Ingila kuma ta daina zaɓen waɗanda suka tafi. A Disambar 1977, a Lahore ta Pakistan, Taylor ya buga Tes ɗinsa na biyu yana da shekara 36, shekarun da mafi yawan 'yan wasa suke tunanin ajiyewa, kuma daga nan ya ƙara 55. A rangadin Ostareliya na 1978 zuwa 1979, wanda Ingila ta ci biyar da ɗaya ƙarƙashin Mike Brearley, ya yi bugun da ya fi kowane a rayuwarsa ta Tes. A Adelaide ya shigo Ingila tana da 132 an fitar da mutum shida, shi da abokinsa na Derbyshire Geoff Miller suka ƙara 135, ya kai maki 97, saura uku ya ci ɗarin da bai taɓa ci ba a ajin farko, sai ƙwallon Rodney Hogg ta ɗan gogi sandarsa ta bayan ƙafa mai tsaro ya cafke, ya juya ya fita da kansa bai jira hukuncin alƙali ba.

A Fabrairun 1980, a filin Wankhede na Bombay, a wasan bikin cikar hukumar kurket ta Indiya shekara hamsin, ya cafke mutum bakwai a zubin farko, wanda ya yi daidai da bajintar Wasim Bari na Pakistan, ya ƙara uku a na biyu, goma ke nan, adadin da ba a taɓa yi a Tes ɗaya ba, wanda ya tsaya har Jack Russell ya yi goma sha ɗaya a Johannesburg a 1995. A wannan wasa ne kuma alƙali ya yanke cewa an cafke shi, shi kuwa ya nuna bai taɓa ƙwallon ba, sai kyaftin na Indiya Gundappa Viswanath, wanda yake tsaye kusa ya kuma yarda da shi, ya roƙi alƙali ya janye hukuncin. Ingila tana cikin matsi a lokacin, an fitar da biyar tun tana da 58, amma Taylor ya zauna sa'o'i ya ci 43, shi da Ian Botham suka ƙara 171, Ingila ta yi nasara. Da wuya a raba abin da Viswanath ya yi da sunan da Taylor ya riga ya yi na mutumin da yake fita idan ya san ya taɓa.

Shekarar 1981 ta tattara masa abubuwa da yawa. Masu zaɓe sun koma wa Knott a 1980, sun kuma gwada matashi Paul Downton, amma bayan Tes na farko da Ostareliya suka sake kiran Taylor. A wannan rani ya ci ɗarinsa ɗaya tilo a ajin farko, a kan Yorkshire a Sheffield, bayan shekara ashirin yana bugu. Ya cika shekara 40 ana tsakiyar Tes na Headingley a Leeds, wasan da Ostareliya take neman maki 130 kawai aka fitar da ita a 111, Bob Willis ya fitar da takwas da maki 43, kuma huɗu daga cikin mutum goman a hannun Taylor suka ƙare, a nan ne ma ya wuce adadin cafkar Murray a ajin farko. Duk da haka aka ajiye shi a wasanni biyu na ƙarshe aka dawo da Knott domin ƙarfafa bugu. A Satumba ya kasance cikin Derbyshire da ta doke Northamptonshire a filin Lord's ta ɗauki kofin NatWest, inda makin ya yi kunnen doki a 235 aka ba ta nasara saboda an fitar da mutanenta kaɗan, kofi na farko da gundumar ta gani tun 1936. Da Knott ya bi tawagar da ta karya takunkumi ta je Afirka ta Kudu ta zamanin wariyar launin fata a 1982 aka dakatar da shi shekara uku, Taylor ya riƙe gurbin har Maris 1984, ya buga Tes na ƙarshe a Lahore, garin da ya dawo da shi, yana da shekara 42.

Ya bar fili da fitarwa 174 a Tes 57, da 1,649 a wasannin ajin farko 639, wato cafka 1,473 da kaɗe turaku 176, kuma wannan jimla ita ce mafi yawa a tarihin wasan a duk duniya. A Yulin 1986, a Lord's, ƙwallon Richard Hadlee na Niyu Zilan ta daki mai tsaron Ingila Bruce French a ka, Bill Athey ya riƙe na ɗan lokaci, sannan da izinin kyaftin Jeremy Coney aka kira Taylor daga ɗakin baƙi, inda yake aikin karɓar baƙin kamfanin inshorar da ke ɗaukar nauyin wasan, ya sa safar hannu yana da shekara 45 ya tsare sauran yinin ba tare da aibu ba, kafin Bobby Parks na Hampshire ya karɓa washegari.

Duniyar da ta samar da wannan adadi ta riga ta sauya. An koma rufe zirin tsakiya gaba ɗaya daga farkon shekarun 1980, wasan gasa ya koma kwana huɗu tun 1993, yawansa ya ragu zuwa goma sha huɗu a shekara, kwantiragin ƙasa da aka fara a 2000 yana janye gwanaye daga gundumominsu, kuma gajeren wasa na jeri ashirin da ya zo a 2003 ya buɗe kasuwar da take biyan mai bugu fiye da mai tsaro. Wanda zai fitar da mutum huɗu a kowane wasan gasa, abin da ya zarce matsakaicin Taylor nesa, sai ya yi kusan shekara talatin ba fashi kafin ya kamo shi. Muhawarar kuwa ta ƙara karkata ɓangare ɗaya. A shekarun 1990 an sha ajiye Russell na Gloucestershire, wanda ya yi wa gundumarsa wasa daga 1981 zuwa 2004, domin a ba Alec Stewart safar hannu, kuma bayan Adam Gilchrist na Ostareliya ya ci ɗari sau 17 a Tes kowace ƙasa ta shiga neman irinsa. Chris Read na Nottinghamshire ya haura fitarwa dubu amma Tes 15 ya samu. A 2023 aka ajiye Ben Foakes na Surrey domin Jonny Bairstow, a 2024 kuma Ingila ta ba Jamie Smith gurbin, alhali a Surrey, inda su biyun suke wasa tare, Foakes ne yake tsaron turaku a Gasar Gundumomi, Smith kuwa mai bugu ne.